Aikin da Aka Yi da Ƙasar Gonar Baba

Shekara uku da 'yan watanni na yi a Alƙahira, kuma in aka ce in faɗi abu ɗaya da na yi a garin wanda nake alfahari da shi, ba sai na yi dogon tunani ba. Na sa an zana gonar babana. Abin dai bai zo da sauƙi ba, don saura ƙiris ya ɓata tsakanina da mahaifiyata.

A ƙarshen 2011 muka isa, da aka tura maigidana aiki ofishin jakadancinmu. Aka kama mana gida a unguwar Muhandisin, hawa na shida. A gida ni malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata, na saba da alli da tsawa da aji cike da yara. A nan kuwa sai na koma matar ma'aikaci: in dafa, in share, in leƙa taga in ga motoci sun cushe suna ta oda. Kafin wata biyu na fara neman wanda zan yi faɗa da shi.

Shanya ce ta kai ni saman benen. Ina buɗe ƙofa sai na ga farantai jere a rana, kowanne an baza ƙasa a kai kamar yadda muke shanya kuɓewa. A gefe wata tsohuwar Baturiya ta tsuguna da rariya tana tankaɗe. Ta haura sittin, gashinta fari fat an yanke shi gajere, hannuwanta irin na masu ginin tukwane. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba ta iya tankaɗen ba. Sama da ƙasa take kaɗa rariyar, rabin garin yana bin iska. Na ajiye bokitina, na gaishe ta, na ce da ita da Turanci, "Madam, ba haka ake yi ba." Ta ɗago ta dube ni, sai kawai ta miƙo min rariyar. Na zauna na tankaɗe mata faranti uku kafin ma in tambaye ta me za ta yi da ƙasa.

Mai zane ce. Filaye take zanawa, da tuddai, da bakin kogi, ba mutum ba dabba. Kuma ba ta sayen fenti. Duk wurin da za ta zana, ƙasar wurin take ɗebowa ta shanya, ta tankaɗe, ta jiƙa ta kwanta, ta tsiyaye ruwan, ta niƙa a kan gilashi mai kauri har ta yi laushi, sannan ta kwaɓa da gwaiduwar ƙwai. Da wannan take shafa wa katako. In tana son rawaya ta koma ja, sai ta gasa ta a murhu. Ɗakuna biyu ta kama a saman benen, irin waɗanda masu gida suke tara tarkace a ciki. Bawwab ɗin gidan, wato mai gadi, in aka ambace ta sai ya taɓa gefen kansa da yatsa ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, haka Allah ya yi ta."

Tun daga ranar na samu wurin zuwa bayan azahar. Ba a daɗe ba na daina ce mata Madam, na koma Gwaggo. Ta tambaye ni ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba, wadda ake tsoro kuma ake so. Ta ce ta karɓa.

Labarinta a guntu-guntu na ji shi, muna niƙa. A arewacin Ingila aka haife ta, a wani gari da ba a san shi da komai ba sai jan bulo. Ubanta haƙar yumɓu yake yi a ramin masana'anta, kullum ya dawo gida jajir. Ta samu shiga makarantar zane a Landan, malaman suka ce zanen filaye aikin mutanen da ne, ta nemi abin da ake yayi. Ta ƙi. Ta koma garinsu ta yi shekara ashirin da wani abu tana koyar da yara, tana zane ranakun hutu, ba mai saye, tana jibgewa a bayan kabad. Wata shekara fenti ya ƙare mata, ta dawo daga yawo takalminta duk taɓo, ta kankare ta gwada a kan allo. Daga nan ba ta sake komawa kanti ba. Sai da ta wuce hamsin wani mai gidan baje zane ya ga aikinta, jaridu suka fara rubutu a kanta, masu saye suka fara layi. Ta kan ce, "Ina yarinya suka ce na tsufa, da na tsufa suka ce na zo da sabon abu." Yabon nan ko a jikinta.

Dokoki biyu gare ta, kuma ta riƙe su fiye da yadda wasu ke riƙe addini. Ba ta zana wurin da ba ta taka da ƙafarta ba. Ba ta kuma zana wani wuri da ƙasar wani wuri.

Taɓon Nilu ne ya kawo ta Masar, da rawayen dutsen da ke gabashin birnin. Ta faɗo a shekarun bayan juyin juya hali, lokacin da gari yake a tsorace. In ta zauna bakin kogi ta buɗe littafin zane, kafin ta ja layi uku mutane sun kewaye ta suna tambayar wa ya aiko ta. Sai ta daina fita da littafi. Ta kan je ta tsaya hannu biyu a baya ta yi ta kallo, awa guda, awa biyu, ta cika gwangwanin shayi da ƙasa, ta dawo ta zana daga ka. Da ta baje aikin a wani ɗan zaure a unguwar Zamalik, na ci ado da leshi na je. Manyan mutane suna tsaye gaban zanen suna gyaɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa maigidana na nuna masa wani, na ce, "Ka ga sararin samaniyar can? Ni na tankaɗe shi." Ya ce in rufa masa asiri in rage murya.

Baba ya rasu a 2013. Na je gida aka yi zaman makoki, na dawo. Shekara na zagayowa sai Yaya, babban wanmu, ya kira ya ce magada sun zauna, za a sayar da gona. Gari ya riga ya cim mata, gidaje sun kewaye ta, awakin unguwa suna cinye shuka. Wanda zai saya filaye zai yanka. Da an cire amfanin bana katafila za ta shiga ta baje ko'ina.

Na yi masifa, ba zan ɓoye ba. Na gaya wa Yaya maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta. Bayan kwana biyu na huce na amince, don gaskiyarsu ce, ba wanda zai noma ta a cikinmu. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne ba ni da komai na gonar nan. Ko hoto ɗaya babu. Wa yake ɗaukar gona hoto? A nan na koyi tafiya mai nisa, ina bin Inna da ƙwaryar fura a kai. A nan Baba ya fara ba ni ɗan kuyya biyu na gyaɗa ya ce nawa ne. Nan da wata biyar za ta zama shaguna da soro, 'ya'yana kuma za su tashi ba su san an yi ta ba.

Na hau sama na ce wa Gwaggo ta zana min ita. Ta ci gaba da juya dutsen niƙa. Can ta ce, lokacin da ta fara aiki da ƙasa, wuri na farko da ta nufa da gwangwani shi ne ramin da ubanta ya yi aiki. Ta tarar an cike shi an shimfiɗa kwalta, motocin masu sayayya suna fake a kai. Ta ce, "Doka ɗaya zan karya miki, ba biyu ba. Ke za ki zama ƙafata, ki tsaya kusa da ni ki faɗa min. Amma ƙasar sai ta gonar." Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ran nan da la'asar na kira Inna. Ina tuna abin da na ce kalma da kalma, don daga baya na sha maimaita shi a raina.

"Inna, so nake a ɗebo min ƙasar gonar Baba. Akwai wata mata a nan, gwana ce ƙwarai, za ta yi min aiki da ita."

Ta ce, "Aiki?"

"E, aiki. Amma a yi sauri kafin katafila ta shiga. Kuma ba sai kin gaya wa Yaya ba."

Na faɗi haka ne don na san Yaya, zai yi shekara yana min dariya wai na koma Baturiya. Inna ta ce, "To." Ta kashe waya. Ni kuwa na tashi na ɗora tukunya ina 'yar waƙata, a ganina magana ta ƙare.

Mako uku ban sake jin muryarta ba. In na kira, a ce tana salla. In sake kira, a ce ta kwanta. In kira da hantsi, a ce ta shiga maƙwabta barka. Matar da ko ciwon kai na yi sai ta kira sau uku. Damina tana ta tafiya, dawa ta fara fitar da kai, ni kuma ban san laifina ba.

Yaya ne ya fasa ƙwan. Ya kira ko gaisuwa babu, ya ce, "Ashe har ta kai ki shiga bokayen Masar saboda gona? In ba ki yarda a sayar ba, ai baki gare ki. Inna ta yi kuka har ta gode Allah. Da iliminki da komai?"

Sai a lokacin na ji maganata da kunnen Inna. 'Yarta da ta gama zagin wanta a kan gado, tana zaune a ƙasar Fir'auna, ta ce a ɗebo ƙasar gona a ɓoye, wata gwana za ta yi aiki. Ko ni aka gaya wa haka abin da zan ɗauka ke nan. Amma a lokacin ba dariya na yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka mai zafi. Matar da ta haife ni, ta raine ni, ta san ko laya ban taɓa ɗaurawa ba, ita ce ta zauna mako uku tana ganin zan iya yi wa ɗan'uwana asiri. Wannan ya fi sayar da gonar yi min ciwo.

Da na share fuska na hau sama na ba Gwaggo labari. Na tarar da ita ta fasa ƙwai tana juya gwaiduwar daga wannan tafi zuwa wancan, ga ƙulle-ƙullen ƙasa kewaye da ita, ga turmi, ga gawayi. Na tsaya na dube ta da kyau, na ce, "Gwaggo, wallahi in Inna ta ga ƙwan nan, mun gama yawo." Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma sai ta kama ni.

Ni ba mai barin magana ta kwana ba ce. Washegari na sa Yaya ya je ɗakin Inna ya buɗe wayarsa kowa ya ji, ni kuma na zaunar da Gwaggo kusa da ni. Na riga na san ta inda zan shiga. Kafin siminti ya zo garinmu, Inna ake kira ta yi wa ɗakin amarya daɓe da shafe. Ita ke zaɓen jar ƙasa, ita ke jiƙa makuba, ita ke jan layin farar ƙasa a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, shafe za ta yi. Irin naki. Sai dai ita a kan katako take yi, ta fitar da kamannin wuri."

Ta ce, "To ke da bakinki me ya hana ki ce shafe? Kika ce aiki."

"Na yi kuskure, Inna. Amma ke ma kin zarge ni."

"Na zarge ki," in ji ta. "Allah ya yafe mana." Inna ba ta wuce haka wajen ba da haƙuri, kuma na karɓa. Sai ta gyara murya ta ce, "Matar tana nan? Tambaye ta, tana tankaɗewa?"

Na fassara. Gwaggo ta ce tana yi, amma ni na gyara mata hannu.

"Tana jiƙawa ta kwana?"

Gwaggo ta ce kwana biyu ma, in mai yashi ce.

"Da me take kamawa, don kada ta zube in ta bushe?"

Na dubi Gwaggo, na dubi kwandon ƙwai, na yi ta maza na faɗi gaskiya. Inna ta yi tsaki ta ce, "Ɓarnar abinci. Ba ta san makuba ba?" Na yi wa Gwaggo bayani cewa ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, ruwansa ya yi duhu, a shafa ya kama ƙasa kamar dutse. Tsohuwar nan ta miƙe tsaye tana neman fensir. Suka yi kusan awa guda ina tsakiya, wannan ta tambaya wannan ta amsa, har Yaya ya ce katinsa zai ƙare. Da za a kashe sai na ji Inna tana gaya masa, "Ta dai san aiki."

Matar wani abokin aikin maigidana ce ta taho min da saƙon, a cikin jakar kuka da daddawa. Ƙulli biyar ne a tsummokaran atamfa. Ja daga tudu, baƙa daga fadama, rairayi daga hanyar ruwa, ta suri, da farar ƙasa daga kwazazzabon da ke iyaka. Ga kuma makuba daga ɗorawar gonar. Yaya ya ce Inna ta hana kowa ɗiba. Da ciwon gwiwarta ta tafi da kanta, ta zagaye gonar kusurwa-kusurwa. Da na kwance ƙullin fadama, danshin bai gama fita ba, ƙanshin ya bugi hancina.

Mako shida muka yi a kan zanen. A lokacin ana yawan ɗauke wuta, lif ya tsaya, in taka bene biyar daga gidanmu zuwa sama da ƙafa ina haki. Gwaggo ba ta taɓa ce min in kwatanta mata gonar ba. Tambayoyi take yi. In kin shigo da safe, ina inuwarki take faɗuwa? In an yi ruwa, ta ina yake gudu? Daga ɗorawa zuwa suri, in kin kira mutum zai ji? Na yi mamakin yadda amsoshin suke fitowa ba tare da na yi tunani ba. In ta ja layi ba daidai ba, in ce a'a, tudun bai kai haka tsayi ba, ta goge ba musu.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Ni gonar damina nake so, dawa ta fi mutum tsayi, ko'ina kore shar. Ta nuna min kwanukan biyar ta ce, "Nuna min kore a nan." Na ce ta sayo a kanti, sau ɗaya dai. Ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, na gaya miki doka ɗaya." Na yi fushi na sauka, kwana biyu ban hau ba. A rana ta uku na koma na ce to ta yi min bazara, bayan an gama sharar gona, an tara kara an ƙone, ƙasa tana fili. Ta ƙona ɗan ɓawon ɗorawar ta samu baƙi, ta ɗiga tabon toka nan da can. Sama kuma ta haɗa fara da baƙar fadama, ta yi nauyi ta gabas. Ranar da ta ajiye buroshi na tsaya a gabansa na daɗe. Gonar ce, ba wata ba.

A farkon 2015 Gwaggo ta koma ƙasarsu, ƙafafunta sun gaji da benen. Ta ce akwai wani bakin teku mai farin dutse da take so ta zana kafin hannunta ya fara rawa. Ta bar min rariyarta, wai ni na fi ta iya riƙewa.

Na rataye zanen a falo, kuma na riga na tsara komai: duk ƙasar da aka sake tura mu zai bi ni, in na mutu babbar 'yata ta ɗauka. Da muka samu hutu a watan Afrilu na naɗe shi cikin bargo na tafi da shi gida, don Inna ta gani kawai in dawo da abina. A hanyar shiga gari motar ta bi ta gefen gonar. Ba don Yaya ya nuna min ba da ban gane ba. An sare ɗorawar, bulo ya tashi har taga, wani ma ya buɗe shagon cajin waya.

Bayan an ci abinci an watse, na jingina shi a bango a ɗakin Inna na yaye bargon. Ta sa aka ɗaga labule haske ya shigo. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna dab da shi. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta kai yatsa ta bi hanyar ruwa tun daga tudu har fadama, ta tsaya a kan suri, ta shafa tabon tokar ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "An gama shara." Ta ɗaga kai ta dubi saman zanen. "Ga hadari ma ya haɗo. Da babanku yana nan, da yanzu ya ce a fito da iri."

Ta ci gaba da kallo, ba ta juyo ba, ta ce, "Yaushe za ku koma?"

"Ran Asabar, Inna."

"To ki bar min ita nan."

Ba ta ce shi ba, ita ta ce. Na tashi na cire kalandar da ke kan ƙusa, daidai inda take gani daga gadonta, na rataya mata gonar.